KAZA ƊAYA, GIRKI HUƊU: DARASI A KAN GASHIN KAZA DA TATTALIN CEFANE

Gabatarwa

A watan Fabrairu na shekarar 1976 ne gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon Babban Birnin Tarayya a Abuja, kuma ran 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a cikinsa. Tun daga wannan lokaci jama'a ke kwararowa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, har birnin ya cika ya tumbatsa. Tsadar hayar gida ta hana yawancin ƙananan ma'aikata da masu sana'ar hannu zama a tsakiyar gari. Suna kwana a Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Gwagwalada, waɗansu ma a Mararraba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja. Mutum yakan fita tun da jijjifi, ba ya komowa sai bayan magariba, a gajiye. Shi ya sa sayen dafaffen abinci a bakin hanya ya zame wa gidaje da yawa jiki. Idan albashi ya zo kuwa, sai a tsaya wurin mai tukuba a sayi gasasshiyar kaza, a cinye ta a zama guda, a zubar da ƙashi.

Wannan ɗabi'a tana da tsada ko a lokacin yalwa, balle a lokacin tsanani. Bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi ƙwarai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, watau cefanen da aka yi da naira 1,000 a Yunin 2023 ya kai kimanin naira 1,400 a Yunin 2024. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Saurin tashin farashi ya lafa a 2025, amma kaya ba su koma yadda suke a da ba.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna yadda kaza guda, idan aka saye ta sukutum, aka gasa ta a gida bisa ƙa'ida, aka kuma haɗa ta da wake da hatsi da ganye, za ta ɗanɗana girki huɗu a gidan da ke da mutum shida. An ɗauki misali daga Abuja ne, amma darasin ya shafi kowane gida a ƙasar nan.

1. Abin da ke cikin kaza guda

Kazar gidan gona mai nauyin kilo 2 tana raye takan ba da kimanin kilo 1.4 bayan an yanka, an fige, an cire kayan ciki. Idan aka gasa ta aka raba tsoka da ƙashi, tsokar takan ɗan haura rabin kilo. A cikin kowane giram 100 na gasasshiyar tsoka akwai kimanin giram 25 na sinadarin gina jiki, watau furotin. Ke nan tsokar kaza guda tana ɗauke da wajen giram 150. Baligi mai nauyin kilo 60 yana bukatar kimanin giram 50 a kowace rana. Lissafi ya nuna cewa kaza guda ita kaɗai ba ta wuce bukatar manya uku ta yini ɗaya ba.

A kwatanta wannan da wake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, saboda haka kilo ɗaya na wake ya fi tsokar kaza guda yawan abin gina jiki, ga shi kuma ya fi ta araha nesa ba kusa ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya. Amma kaza tana da abin da wake ba shi da shi. Akwai bitamin B12 a cikinta, wanda ba a samunsa a hatsi ko ganye, kuma ɗan nama kaɗan a cikin abinci yana taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda da shi ake yin jini.

Abin lura a nan shi ne, wake da hatsi su ne ginshiƙin abincin gida, kaza kuwa mahaɗi ce. Wanda ya gane wannan ba zai cinye kazarsa a zama guda ba. Zai rarraba ta a tukwane da yawa, daidai ruwa daidai tsaki.

Sayen ta sukutum ya fi sayen yanka-yanka riba. Mai sayar da cinya da ƙirji daban-daban yana ɗora ladan aikinsa a kan farashi. Mai tukuba kuma yana ɗora kuɗin gawayi da yaji da ribarsa, kuma mai saye ba ya tafiya gida da wuya da ƙafafu da hanta da ƙundu da kitsen da ya tsiyaye, alhali kuwa da waɗannan ake samun romo da man girki.

2. Zaɓen kaza a kasuwa

Iri uku aka fi samu a kasuwannin Wuse da Garki da Utako da Karmo da Dutse, da gidajen gona na yankin Kuje.

Na farko, kazar gidan gona ta nama, wadda ake sayarwa tana da mako 6 zuwa 8. Tana da tsoka da taushi, ita ce ta fi dacewa da gashi kai tsaye.

Na biyu, kazar gidan gona mai ƙwai wadda ta gama yayinta, yawanci bayan ta yi shekara ɗaya da rabi ko fiye. Namanta yana da tauri, amma romonta yana da daɗi, kuma sau da yawa takan fi araha.

Na uku, kazar Hausa da zakara da zabo. Tsokarsu ba ta da yawa, kitsensu kaɗan ne, ɗanɗanonsu kuwa sananne ne. Su da mai ƙwai duka suna bukatar a sulala su kafin a gasa.

Kaza mai lafiya tana da kuzari, idonta garau, tukkunta ja, gashinta a kwance, duburarta a bushe. Kada a sayi wadda ta takure, ko take zubar da majina, ko kanta ya kumbura, komai arharta. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna, kuma cutar ta sha dawowa tun daga lokacin. Duk inda aka ga kaji suna mutuwa da yawa lokaci guda, a nisanci taɓa su, a sanar da likitan dabbobi mafi kusa.

Haka kuma a guji daskararrun kajin da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya. Fiye da shekara 20 ke nan da aka hana shigo da daskararren naman kaji daga ƙasashen waje. Waɗanda ake fasa-ƙwaurinsu sukan narke su sake daskarewa sau da yawa a kan hanya, kuma Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗin cewa akan sa wa waɗansu fomalin, maganin da ake adana gawa da shi.

Farashin kaza yana bin farashin masara da waken suya, domin abinci shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwonta. Yakan kuma tashi gab da Sallah da Kirsimeti. Mai tattali yakan kauce wa waɗannan makonni, ko ya haɗa kai da maƙwabta su sayi kaji da yawa daga gidan gona a farashin sari.

3. Yanka da gyara

A sa wanda ya san ƙa'idar yanka ya yanka da wuƙa mai kaifi, a bar jini ya tsiyaye sarai. A tsoma kazar a ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba na kimanin minti ɗaya, domin tafasasshen ruwa yana saluɓe fata, ita kuwa fata ita ce ke tsare tsoka daga bushewa a kan wuta. A fige, a babbake sauran gashi. A buɗe ciki a hankali kada hanji ya fashe. A raba maɗaciya da hanta ba tare da ta tsage ba, don ɗacinta yana ɓata nama. A tsaga ƙundu, a zubar da abin da ke ciki, a ɓare fatar nan rawaya. A saluɓe fatar ƙafafu, a yanke farata.

Ɗanyen naman kaza, ko da na lafiyayyiya ne, yakan ɗauki ƙwayoyin cuta masu kawo zawo da amai da zazzaɓi, musamman waɗanda likitoci ke kira Salmonella da Campylobacter. Ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jin warinsu. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa. Daga cikin mamatan, 137,000 a Afirka suke. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne suka fi shan wahala.

Wanki ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi, wuta ce ke kashe su. Amma kazar da aka fige a gida ko a kasuwa, inda akan tsoma kaji da yawa a ruwa ɗaya, tana bukatar a ɗauraye mata jini da datti. A yi haka a cikin roba ta musamman, a hankali, ba tare da fantsama ruwa a kan kwanuka ko kayan miya ba. A zubar da ruwan a makwarara inda yara ba sa wasa. A wanke wuƙa da katako da roba da ruwan zafi da sabulu, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wani abu. Kada a yanka tumatir ko latas ko albasar da za a ci ɗanya a kan katakon da aka gyara kaza.

Daga nan sai a kifa kazar, a tsaga ta ta baya a gefe biyu na ƙashin gadon baya, a cire ƙashin. A juyo ta a danna ƙirjin da tafin hannu har ta baje. Haka masu tukuba ke yi, domin bajajjiyar kaza ta fi saurin gasuwa, ta fi kuma cin gawayi kaɗan. A ware ƙashin bayan tare da wuya da kai da ƙafafu da bakin fukafukai. Waɗannan su ne girki na farko.

4. Haɗa yaji

Ga kaza mai nauyin kilo ɗaya da rabi, wannan ya isa: gishiri cokalin shayi biyu, dakakkiyar citta cokali ɗaya, masoro rabin cokali, kanumfari ƙwaya huɗu, tafarnuwa 'ya'ya huɗu, albasa ɗaya, barkono gwargwadon yadda yara za su iya ci, ruwan lemon tsami biyu, da man gyaɗa babban cokali biyu. A daka su tare, a tsane kazar da kyau, a shafe ta ciki da waje, a cusa kaɗan a ƙarƙashin fatar ƙirji da ta cinya. Mai firji ya rufe ta ya ajiye na awa biyu ko fiye. Wanda ba shi da firji kada ya bar ta ta wuce rabin awa kafin ta hau wuta. Yajin ƙuli yana saurin ƙonewa, saboda haka sai an kusa saukewa ake barbaɗa shi.

A yi hattara da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 a rana, watau ƙasa da cokalin shayi ɗaya, saboda hawan jini. Dunƙulen ɗanɗano da ake sayarwa a kanti galibinsa gishiri ne. Wanda ya sa shi ya rage gishiri, wanda kuma yake da romon kaza da daddawa ba ya bukatar dunƙule da yawa.

5. Hanyoyi uku na gashi

Hanya ta farko, a kan gawayi. A hura kurfoti a tsakar gida ko wani wuri mai iska, a jira har harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin toka. A ture yawancin garwashin gefe guda. A ɗora raga sama da wutar da kamar taƙi ɗaya, a shimfiɗa kazar a gefen da wuta ba ta da ƙarfi, ɓangaren ƙashi yana ƙasa, cinyoyi suna fuskantar wuta. A kifa tsohon kwanon ƙarfe a kanta don ya tsare zafi. Bayan minti 30 a juya, a riƙa shafa mai, a ci gaba har minti 50 zuwa awa ɗaya. Kada a taɓa shigar da gawayi mai ci cikin ɗaki a rufe, domin yana fitar da iska mai guba marar wari wadda ke kashe mutum yana barci.

Hanya ta biyu, gashin tukunya. A sami tsohuwar tukunya babba mai kauri, a zuba wankakken yashi busasshe kamar kaurin yatsa biyu a gindinta, a kafa duwatsu uku masu tsabta a kan yashin. A rufe a ɗora a wuta na minti 15 har ta ɗauki zafi. A sa kazar a farantin ƙarfe, a ɗora a kan duwatsun, a rufe ruf. A bar wuta matsakaiciya, kada a riƙa buɗewa. Idan aka zuba ɗan garwashi a kan murfin, saman kazar zai yi ja. Takan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Amfanin wannan hanya shi ne kitse da ruwan nama suna taruwa a farantin, kuma ana iya jera yankakken dankali ko doya ko kabewa a ƙarƙashin kazar su gasu tare da wuta ɗaya.

Hanya ta uku, a cikin obin na gas ko na lantarki. A ɗumama shi zuwa digiri 190 a ma'aunin Selshiyas. Kazar da ba a baje ba tana bukatar minti 45 ga kowane kilo, a ƙara minti 20 a kai. Mai kilo ɗaya da rabi ke nan tana bukatar kusan awa ɗaya da rabi. Bajajjiya ba ta kai haka ba.

Kazar Hausa da tsohuwar mai ƙwai kuwa, a fara sulala su da albasa da citta da gishiri na minti 30 zuwa 45, har cokali mai yatsu ya shiga cinya, sa'an nan a shafa yaji a gasa na minti 15 zuwa 20. Ruwan sulalen shi ne romon miya.

6. Yadda ake gane ta gasu

Jan fata ba shaida ba ne, domin wuta mai ƙarfi takan ƙona waje ta bar ciki ɗanye. A soka wuƙa a wurin da cinya ta haɗu da jiki, inda tsoka ta fi kauri. Idan ruwan da ya fito fari ne tas, kuma babu ja ko jini a jikin ƙashi, ta gasu. Idan akwai alamar ja, a mayar da ita wuta. Mai ma'aunin zafi na girki ya tabbata tsakiyar cinya ta kai digiri 74. Bayan an sauke, a rufe ta a bar ta ta huta minti 10 kafin a yanka, don ruwan naman ya zauna a cikin tsoka. Kada a mayar da gasasshiyar kaza a kan farantin da ta zauna tana ɗanya.

7. Girki huɗu

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune a Kubwa da matarsa da 'ya'ya huɗu, wanda ya sayo kaza ran Asabar da safe.

Girki na farko, Asabar da rana. A dafa ƙashin baya da wuya da kai da ƙafafu da ƙundu da albasa da daddawa a ruwa lita biyu, a ƙaramar wuta, na awa ɗaya. Da wannan romo za a kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa, a ci da tuwon masara ko na dawa. A dafa hantar sosai a marmasa wa ƙaramin yaro a cikin miyarsa.

Girki na biyu, Asabar da dare. A raba cinyoyi biyu da fukafukai biyu kashi shida, a ci da dankali ko doyar da ta gasu a ƙarƙashin kazar, tare da kwaɗon zogale ko na rama. Tun kafin a zauna cin abinci za a ware ƙirjin a adana shi, domin abin da aka kawo kan tabarma ba ya komawa.

Girki na uku, Lahadi da rana. A yayyaga tsokar ƙirji, a soya albasa da tattasai da kitsen da ya taru a faranti, a zuba a kan garau-garau, ko a cikin dafa-duka mai wake da alayyafo.

Girki na huɗu, Lahadi da dare ko Litinin. A tafasa ƙasusuwan ƙirji da aka cire wa tsoka da wuƙa, na awa ɗaya ko biyu, a tace. Da wannan romo za a yi faten doya ko faten tsaki da yakuwa da gyaɗa. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, balle ƙashin kaza.

8. Ajiya

A nan ne tattali yake iya komawa hasara. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60. Ƙa'ida ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa biyu a waje. Idan zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yakan yi a Abuja daga Fabrairu zuwa Afrilu, awa ɗaya ce iyaka.

Mai firji ya sa naman a mazubi mai murfi tun yana da ɗan ɗumi, ya ajiye shi a sama, ɗanyen nama kuma a ƙasa, ya cinye cikin kwana uku. Idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi na kimanin awa huɗu kawai. Injin ƙanƙara da ke cike yakan riƙe har kwana biyu, wanda yake rabi kuwa kwana ɗaya.

Wanda ba shi da firji, ko wutar unguwarsu ba ta da tabbas, ya sauya tsarin. A daren da aka gasa kazar a daka tsokar ƙirji a turmi mai tsabta, a soya ta da ɗan mai da yaji a ƙaramar wuta har ta bushe ƙayau ta zama dambu. Idan ya huce a zuba a busasshen kwalba mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali, a barbaɗa a kan abinci cikin 'yan kwanaki. Ƙasusuwan kuma a tafasa su a daren, a yi amfani da romon nan take. Kowane ɗumame sai ya tafasa sosai har tsakiya, kuma sau ɗaya ake yinsa. Naman da ya yi yauƙi ko ya sauya wari a zubar da shi, domin kuɗin asibiti ya fi kuɗin kaza. Yaron da zawo ya kama a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

9. Rabon nama a cikin gida

A gidaje da yawa an saba ba maigida da baƙi cinya da ƙirji, a bar wa yara kai da ƙafa. Akwai kuma camfin da ke cewa yaron da aka saba masa da ƙwai zai tashi da sata. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma abin ya fi tsanani a jihohin Arewa maso Yamma. Tsumburewa tana taɓa ƙwaƙwalwa kamar yadda take taɓa jiki, kuma gyaranta yana da wuya bayan yaro ya wuce shekara biyu. Saboda haka yaron da ya haura wata shida, da mace mai ciki, da mai shayarwa, su ne suka fi cancantar a fara ba su tsoka da ƙwai. Magidancin da ya rage rabonsa saboda su bai rage girmansa ba.

10. Sauran hanyoyin tattali

A sayi masara da dawa da wake da mudu ko da buhu a lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, a adana wake a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. A shanya tumatir da tattasai da kuɓewa lokacin da suke araha. A jiƙa wake tun da dare, domin jiƙaƙƙen wake ya fi saurin nuna, ba ya kuma bukatar kanwa mai yawa. A riƙa rufe tukunya, a rage wuta da zarar ta tafasa. A ranakun da babu kaza, awara da ƙosai da alala da ɗanwake da ƙwai da busasshen kifi suna cike gurbinta. Ma'aikacin da ya tafi ofis da abincinsa a kula ya tsira da kuɗin cin rana.

Wanda yake da ɗan fili a bayan gida ya dasa zogale da alayyafo, ya kuma kiwata kaji kaɗan a cikin akurki idan dokar unguwa ta yarda. Wannan shi ne kiran da shirin ciyar da ƙasa na 1976 ya yi a zamanin Janar Olusegun Obasanjo. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, ta samar da irin kaza mai ƙwai da ake kira Shika Brown wadda ta dace da yanayin ƙasar nan, ita kuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafin cututtukan kaji.

Tambayoyi

1. Me ya sa kaza guda ba za ta wadatar da gida mai mutum shida ba sai an haɗa ta da wake da hatsi?
2. Waɗanne alamu ne ke nuna kaza ba ta da lafiya?
3. Ta yaya ake gane kaza ta gasu har ciki?
4. Awa nawa dafaffen nama zai iya zama a waje a lokacin bazara?
5. Me wanda ba shi da firji zai yi da tsokar da ta rage?
6. Su wane ne suka fi cancantar a fara ba su tsoka, kuma don me?

Ana roƙon malaman makarantun yaƙi da jahilci da shugabannin ƙungiyoyin mata su gwada gashin tukunya a gaban ɗalibansu, su kuma sa kowa ya lissafa kuɗin girki huɗun da farashin kasuwar garinsu, ya kwatanta da kuɗin sayen abinci sau huɗu a waje. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa wanda bai iya ba.